Godiya bayan kammala aikina kan tarihin Uncle Tupelo

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin digirina na biyu, ranar Asabar kuma na gabatar da shi a gaban jama'a a wani ɗan zauren taro a Belleville, cikin jihar Illinois ta Amurka, garin da ƙungiyar mawaƙa ta Uncle Tupelo, wadda na yi aikin a kanta, ta fito. Mutanen garin na riga na aika musu tasu godiyar da Turanci. Wannan ta gida ce, don iyayena da 'yan uwa da abokan arziki su san waɗanda suka riƙe ni, su taya ni yi musu fatan alheri.

Da yawanku kun sha tambayata su wane ne waɗannan Uncle Tupelo da nake ta bin sawunsu. Samari uku ne 'yan Belleville da suka yi sakandare ɗaya: Jay Farrar da Jeff Tweedy da Mike Heidorn. Da sunan The Primitives suka fara, suna maimaita waƙoƙin rok na shekarun 1960. Da suka ji akwai wata ƙungiya a Ingila mai wannan suna, sai suka sauya zuwa Uncle Tupelo, kuma daga 1987 suka duƙufa kan waƙoƙin kansu. Belleville tana hayin kogin Misisipi daga birnin St. Louis, gari ne na masu cin guminsu: haƙar kwal, ƙera murhu, aikin jirgin ƙasa. Mahaifin Tweedy ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Babban kamfanin giyar garin, Stag, an rufe shi a 1988, daidai lokacin da yaran ke tasowa. Abin da suka gani shi suka rera: magidanci ya rasa aiki, matashi ya rasa mafita, kwalba ta cinye albashi. Suka haɗa zafin kiɗan pank da sanyin tsohon kiɗan kantiri, irin wanda mutanen karkara ke rerawa a coci da bakin ramin kwal.

Ƙungiya irin wannan, mai cin gashin kanta, ba ta da ma'ajiyar tarihi. Shekarunta na farko suna cikin kwalaye a gidajen mutane, shi ya sa godiyata ta farko take wajen wani dattijo da nake kira Baba, ko da yake bai san Hausa ba. Tun yana saurayi yake zuwa Cicero's, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a St. Louis inda yaran suka yi suna, yana naɗar wasanninsu a kaset. Ya ɗauko kwalin gaba ɗaya ya danƙa min, ni baƙo daga wata nahiya, bai nemi ko sa hannu ba. A cikin waɗannan kaset ne na ji yadda waƙa ɗaya ke sauyawa daga dare zuwa dare kafin ta shiga faifai. Babi biyu na kundina a kansu suka tsaya. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Haka wata baiwar Allah da ta adana takardun tallan wasanni, waɗanda ake liƙawa a jikin turakun lantarki, wasu da rubutun hannu. Haka ma'aikaciyar laburaren da ta koya min duba tsofaffin jaridun garin a na'ura, ta riƙa ajiye min shafukan da ta ci karo da su ko ba na nan. Da masu shagunan fayafayai na St. Louis, waɗanda hira da su kaɗai makaranta ce. Tweedy ma ya taɓa aiki a irin wannan shago, Euclid Records, kuma a can ya haɗu da Tony Margherita wanda ya zama manajansu.

Fayafayai huɗu kacal suka yi. Na farko, No Depression, a Boston aka naɗe shi, ya fito a 1990, kuma ya ɗauko sunansa daga wata tsohuwar waƙar Carter Family, wasu mawaƙan kantiri na zamanin da. Sunan ya bi duniya har aka kafa mujalla da shi a 1995, aka riƙa kiran salon kiɗan baki ɗaya da shi. Ni wanda ya fi kama min zuciya shi ne na uku. A 1992, lokacin da kowane kamfani ke neman masu ƙarar jita irin ta ƙungiyar rok ta Nirvana, su sai suka ajiye jitar lantarki, suka tafi Athens ta jihar Jojiya wajen Peter Buck na ƙungiyar R.E.M., suka naɗi waƙoƙin masu haƙar kwal da na gargajiya cikin kwana biyar. Kwanakin ma su ne sunan faifan: March 16–20, 1992. A ganina wannan jarunta ce, domin kasuwa tana kiransu gabas suka nufi yamma, kuma har gobe faifan bai tsufa ba.

Malamata da ta duba aikin, na gode ƙwarai. Ita ta hana ni ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi. Ƙaramin kamfanin da ya fitar da fayafayansu uku na farko, Rockville, bai biya su haƙƙinsu ba, sai da suka kai ƙara daga baya mallakar fayafayan ta dawo hannunsu. Heidorn ya bar ƙungiyar a 1992. Faifai na huɗu, Anodyne, ya fito a 1993 a ƙarƙashin babban kamfanin Sire, amma a lokacin zama tsakanin Farrar da Tweedy ya riga ya yi tsami. Ranar 1 ga Mayu, 1994, suka yi wasan ƙarshe a zauren kiɗa na Mississippi Nights a St. Louis. Farrar ya kafa ƙungiyar Son Volt, Tweedy da sauran suka zama Wilco. Shi kansa zauren an rufe shi a 2007. Malama ta ce in rubuta rabuwar ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, kuma a daren Asabar na ga amfanin shawarar, don a wajen gabatarwar akwai masoyan kowane ɓangare, kowa kuma ya zauna har ƙarshe.

A tsakiyar aikin, cikin hunturu, ciwon nimoniya ya kwantar da ni. A nan na san darajar 'yan uwa. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar da muke haɗuwa a masallaci suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu. Yayana a wannan ƙasa, direban tasi ɗan Maraɗi, shi ya riƙa tsallaka kogi da ni zuwa Belleville bayan na ji sauƙi, ya jira ni a mota cikin dusar ƙanƙara, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Hajiya maiɗakinsa kuwa kunu da farfesu ba su yanke ba. Yaya, Hajiya, ba ni da bakin gode muku. Allah ya raya zuri'a, ya biya ku da mafificin alheri.

A wajen gabatarwar wani ya tambaye ni yadda aka yi Bahaushe ya shiga wannan harka. Na gaya masa a arewacin Najeriya mawaƙan kantiri irin su Don Williams da Jim Reeves ba baƙi ba ne, rediyo da kaset sun daɗe da shigar da su gidaje, har da namu. Na ƙara da cewa banjo, abin kiɗa mai tsirkiya da suke ji a Anodyne, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayi suka tsallaka da hikimarsa, kuma wanda ya san gurmi in ya gan shi zai ga dangi. Bayan taro wani tsohon makaɗi ya tare ni yana son ya ga hoton gurmi, na nuna masa a waya.

Abba, kaset ɗinka ne mafarin wannan duka. Na gode da ba ka taɓa ce min wannan ba karatu ba ne. Umma, addu'arki ta kowace asuba ta iso. Ƙannena da kuka riƙa turo min saƙon murya lokacin da nake kwance, Allah ya yi muku albarka.

Kaset ɗin Baba an gama kwafe su a kwamfuta, zan mayar masa da kwalinsa a wannan makon tare da kwafin kundin. Masu tambayar ta inda za su fara saurare, ku fara da faifan 1992, sannan ku koma na 1990. In Allah ya yarda ina hanyar gida bayan bikin yaye ɗalibai.