Ranar da na riƙe allo a sashe na bakwai

Lahadi, goma saura na dare. Yatsuna ba su gama dawowa daidai ba, idan an ga tuntuɓen alƙalami a rubutun nan a ɗora wa sanyin Yokshaya ta arewacin Ingila.

Da asuba niyyar noƙewa na yi. Na leƙa taga na ga yayyafin nan nasu da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, na koma bargo ina tsara uzurin da zan tura wa abokin aikina. Wata uku ke nan yana bina a sito, wai in zo in riƙe musu allo a wasan babur ɗin ƙungiyarsu, ba su da isassun masu lura. Sau uku ina ce masa to, irin to ɗinmu da ke nufin a bar maganar, shi kuwa Bature ya rubuta ta a matsayin alkawari. Ina cikin neman ƙaryar da za ta zauna sai ga 'yata, mai shekara takwas, tsaye a bakin ƙofa da rambut a ƙafa. "Abba, ka ce yau ne." Uwargida tana kicin tana dariya ƙasa-ƙasa, har ta riga ta cika filas.

Daga Biradfod muka bi ta Kitli muka ratsa Silsdin. Abokina yana gaba a motarsa, sai da ya bugo waya don kawai ya gaya mini nan ne garin gidan Lampkin. Uban, Martin, shi ya ci gasar duniya ta farko a wannan wasan babur a 1975, ɗansa Dougie kuma ya riƙe kambun shekara bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003. Ni dai ƙaramin gari na gani da shaguna a rufe.

Wurin wasan gonar wani mai kiwon tumaki ce a gefen tudu. Babu tikiti, babu kujerun 'yan kallo, babu lasifika. Motocin kaya ne jere cikin taɓo, ana sauko da babura ta baya. Na tsaya kan na farko da na gani ina juya shi da ido. Na yi acaɓa shekara biyu a Kano ina ɗalibi, kafin a hana a 2013, saboda haka ina ganin na san babur. Wannan ba shi da sirdi ko kaɗan, inda ya kamata mutum ya zauna rami ne, a tsaye ake tuƙa shi daga farko har ƙarshe. Tankinsa bai kai lita uku ba, nauyinsa duka wajen kilo 70. Na danna tayar baya da babban yatsa ta lotsa, na ce wa mai shi ai ya yi faci. Ya yi murmushi ya nuna mini geji: 4. Motata 32 take sha. Da gangan suke sace iskar don tayar ta baje ta rungumi dutse.

Wasan suna kiransa tirayal. Ba a tsere a cikinsa. Ana yanka wurare masu wuya a cikin daji, rafi ko duwatsu ko gangare, a kafa tutoci, ja a dama shuɗi a hagu, mutum ya bi ta tsakiya ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Sakatariyar ƙungiyar, wata dattijuwa da ta mai da bayan motarta ofis, ta koya mini lissafin cikin minti biyu. Wanda ya wuce bai dafa ba, sifili. Ya dafa sau ɗaya, maki ɗaya, sau biyu, biyu, daga uku zuwa sama duk uku ne ko da tafiya ya yi da ƙafa kamar agwagwa. Ya faɗi, ko ya fita daga tutoci, ko babur ya tsaya ya daina gaba, biyar. Mai mafi ƙarancin maki shi ya ci. Ta miƙo mini allo da fensir, ta ce biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, ta haɗa mini da cakulan ɗaya da takardar shan shayi kyauta. Ladan aikin ke nan.

Sashe goma suka yanka, kowane mahayi zai zagaya sau huɗu, mahaya sun haura sittin. Ƙarfe goma da rabi masu lura bakwai ne, har da ni da ban san komai ba. Na ga matar nan tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya tana roƙon iyayen yara, kamar mai neman gudummawar biki. Da ƙyar ta samu biyu, na goma aka ce mahaya su riƙa rubuta wa junansu.

Nawa na bakwai ne, a cikin wata ƙorama. Ana shiga ruwan ta kan tsakuwa, sai duwatsu uku da gansakuka ta lulluɓe, na ukun ya kai gwiwata, sai a karya hagu a tsallake saiwar bishiya a haura gaɓa mai santsi. Tsawonsa duka bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi ba. Mahaya suka iso suka jingine baburansu suka shiga da ƙafa. Abin ya ba ni dariya. Manyan mutane sun kewaye dutse ɗaya sun yi shiru, wannan ya taka shi, wancan ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinsa, kamar masu taya ragon layya. Ɗaya ya ɗan ture wani ƙaramin dutse da takalmi yana satar kallona. Ban san an hana ba, sai daga baya.

Wanda ya fara shiga saurayi ne da sabon babur ƙirar Beta, ya murɗa totur har ruwa ya fantsamo mini. A raina na ce wannan gwani ne, domin a tasharmu da haka ake gane gwani. Ya haye dutse na farko da na biyu, na ukun ya tura tayar gaba sama, ya sauka ta baya ya zauna daɓas a ruwa. Biyar ɗina ta farko ke nan, hannuna har rawa yake wajen rubutawa. Ya tashi yana ɗiga, ya ja babur ya wuce ta gabana ya ce mini ya gode.

Bayansa wani tsoho ya zo, zai yi saba'in, a kan tsohuwar Bultaco shuɗiya. Injin yana bugawa ɗaya-ɗaya kamar zai mutu. Yatsa ɗaya a kan kuloci, gwiwoyi a buɗe, idonsa ba ya kan tayar, yana can kan saiwar da bai kai ba tukuna. A dutse na uku ya ɗan durƙusa, ya saki kuloci daidai lokacin da ya miƙe, babur ya hau kamar an ɗora shi da hannu. Tafiyar da ya yi a cikin ruwan nan, da 'yata tana gefensa da ƙafa da ta riga shi fita. Na rubuta sifili na bi shi da kallo. Shekara biyu ina ratsa cunkoson Ƙofar Wambai da fasinja da buhu a baya, amma ban taɓa tunanin a hankali ta fi gudu wuya ba, don mu da babur ya rage gudu ƙafa muke saukewa, ko lura ba ma yi.

A zagaye na biyu tsohon ya tsaya jiran layi muka taɓa hira. Ya ce a da baburan Ingila masu nauyi ake hawa, sai Sammy Miller, mutumin Belfas, ya koma kamfanin Bultaco na Sifaniya, ya ci gasar kwana shida ta Sikotland da shi a 1965, daga nan kasuwar ta juya. Gasar tun 1909 ake yin ta, yanzu a Fot Wiliyam duk watan Mayu. Ya ce ya je sau biyu yana matashi, bai gama ko ɗaya ba. Yadda ya faɗe ta ka ce lambar yabo ce.

Na yi kwaɓa kuwa. Wata mata ta haura gaɓar, tana kaiwa kan allon fita ta dafa, na rubuta mata ɗaya. Ta dubi allona, ta dube ni, ta ce ta gode ta wuce. Wani da ke tsaye a bayana ya matso ya ce, ƙusar tsakiyar tayar gaba ake kallo, da zarar ta gota allon fita sashe ya ƙare, ko mutum ya kwanta bayan nan ba ruwanka. Tata ta gota. Kunya ta kama ni, na goge na sa sifili, na jira ta dawo zagaye na gaba na ba ta haƙuri. Ta ce ai ta sani, amma ba a musu da mai lura, idan aka yi musu da shi wata mai zuwa ba zai dawo ba. Na tuna alƙalin wasan ƙwallon unguwarmu da sai ta bayan katanga yake barin fili.

Wajen sha biyu da rabi ƙarar injuna ta ɗauke gaba ɗaya. Ashe wani ne ya bi ta ƙofar shinge bai rufe ba, tumaki suka fita suka nufi hanya. Mahaya suka yar da babura suka bazama kora, da hulunan kwano a ka, abin dariya abin tausayi. Mai gonar ya iso a kan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, bai ɗaga murya ba, ya ƙirga tumakinsa sau biyu ya juya. Fuskar sakatariya ce ta gaya mini girman abin. Ƙungiyar ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa, duk inda suke wasa aro ne, kuma manomi ɗaya idan ya ce a'a maƙwabtansa sun ji. Ta ce da yamma za ta je gidansa da kanta.

Na yi amfani da tsayawar na yi azahar a bayan katangar dutse, a kan ledar shara da na shimfiɗa. Motar abinci naman alade ne kawai a burodi, na karɓi shayina muka ci ƙwai da burodin da uwargida ta naɗo mana.

A nan 'yata ta ɓace mini. Na same ta a wani fili shimfiɗaɗɗe inda aka yi wa yara nasu sassan, da ƙananan baburan lantarki na OSET da ba sa ƙara sai ɗan zuu. Wani uba ya ga ta daɗe a tsaye, ya cire wa ɗansa hula ya sa mata, ya rage ƙarfin babur ɗin ta wani maɓalli, ya riƙe ta ta baya suka tafi. Zagaye na uku ya sake ta bai gaya mata ba. Ta bi tsakanin tutoci tana dafawa hagu da dama, ta haye wani ɗan gungume, ta faɗi a ciyawa, ta tashi. "Abba, nawa na samu?" Na ce biyar. Ta ce ai ba a sashena take ba.

Da aka tashi na kai allo, sakatariya ta zuba mini sauran shayinta muka tsaya. Kukanta shi ne masu gashi fari sun fi yawa, kuma su ne masu kafa tutoci ranar Asabar su cire ranar Lahadi. Ta ce yara suna kallon Toni Bou a waya, ɗan yankin Kataloniya na Sifaniya da tun 2007 babu wanda ya karɓe kambun duniya daga hannunsa, suna ganinsa yana haye dutsen da ya fi shi tsawo, iyaye su ɗauka wasan karya wuya ne su hana. Alhali yau wuni guda babu wanda ya nemi ko filasta. Ta ƙara da tsada: babur na hannu, motar ɗaukarsa, rajista da ACU, hukumar da ke kula da wasannin babur a nan.

Duk gaskiya ne, amma na gaya mata abin da na gani. A cikin mutum fiye da ɗari ni da 'yata ne kaɗai baƙaƙe, ban ga ɗan Pakistan ko ɗaya ba, ga Biradfod da suke da yawa a cikinta can ƙasa ana hango ta. Unguwarmu cike take da samari masu haukan babur, suna ɗaga taya a kan titi har 'yan sanda su ƙwace. Babu wanda ya kore su daga nan, yau ban ga ko kallon banza ba. Ba su san da wurin ba ne. Sanarwar ƙungiyar a shafinsu na Facebook take fita, masu karanta ta su ne waɗanda dama za su zo. Ni kaina da ba don mutum ɗaya ya dame ni wata uku ba, da yanzu ina gida ban san ana yi ba, 'yata kuma da wani bai cire wa ɗansa hula ba da kallo kawai za ta yi ta dawo. Ta yi shiru, sannan ta ce idan na kawo mutane za ta nemo baburan aro biyu da wanda zai koya musu da safe kafin a fara. Na ce to. Ta ɗauko fensir ta rubuta sunana a takardar wata mai zuwa, sashe na bakwai.

Yarinya ta yi barci tun kafin mu kai Kitli, da taɓo har kunne. Uwargida ta tare mu a ƙofa ta ce kada wanda ya taka mata kafet.

Ɗazu na sa saƙo a zauren WhatsApp na 'yan uwa mazauna nan, na ce akwai wuri uku a motata ranar wasa na gaba, a zo da yara da rambut. Mutum biyu sun amsa. Ɗaya yana tambaya nawa ake ba wanda ya zo na ɗaya, ɗayan kuma ya ce a fara tura masa hoton babur ɗin, bai yarda babu sirdi ba.