Gyaɗar da ta bi ta hanyar iska: abin yi a gida da abin da ke jira a asibiti

Mafi yawan yaran da ake ciro wa abu daga huhu 'yan shekara 1 zuwa 3 ne. A wannan shekaru yaro bai gama fito da turamen haƙoransa ba, sai ya datsa gyaɗa da haƙoran gaba ya kasa niƙe ta. Ga shi yana ci yana gudu, yana dariya, yana kuka. Da ya ja numfashi da ƙarfi, ƙwayar ta kauce wa hanyar abinci ta faɗa bututun iska. Gyaɗa ce ta fi yawa, sai ƙwayar masara, wake, aya, 'ya'yan kankana, marfin biro, da ɗan usur ɗin da ke cikin kayan wasan yara. A wajen 'yan mata kuwa akwai fil ɗin hijabi, wanda ake riƙewa da leɓe ana gyara mayafi, a yi magana ko dariya ya zarce ciki.

Da farko a duba ko yaron yana iya tari. In yana tari da ƙarfi, yana kuka da murya, iska na shiga. A bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa da shi. Kada a zura yatsa a bakinsa ana lalube, domin abin da ba a gani ba sai a ƙara tura shi ciki. Kada kuma a ba shi ruwa ko manja ko lomar tuwo don "ta tura abin", ai ba a hanyar abinci yake ba.

In kuwa ya yi shiru, ba murya, ba tari mai ƙarfi, leɓe ya fara duhu, to hanya ta toshe, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna. Jariri ɗan ƙasa da shekara 1, a kifa shi a kan dantse, kansa ya fi gindinsa ƙasa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. In bai fito ba a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, daidai ƙasan layin nonuwa. Ba a matsa wa jariri ciki, hantarsa na iya fashewa. Wanda ya wuce shekara 1, har babba, a sunkuyar da shi gaba, bugu 5 a baya, sannan a tsaya a bayansa a sa dunƙulen hannu sama da cibiya ƙasa da ƙashin ƙirji, a ja ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa. Mai ciki a ƙirji ake matsa mata. In ya suma, a kwantar da shi a ƙasa a fara danna ƙirji 30, hura iska 2, wani kuma ya nemo abin hawa.

Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne bayan wannan. Sau da yawa yaro ya ƙware, ya yi tari har ido ya yi ja, can sai ya lafa ya koma wasa. Iyaye su ce alhamdu lillahi ta faɗa. Ba lallai ta faɗa ba, wataƙila ta sauka ne ta zauna a ɗaya daga cikin rassan biyu da ke kai iska huhu, inda jiki ya daina jin ta. A manya reshen dama ne ya fi kamawa, domin ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. A ƙananan yara bambancin bai kai haka ba. Man gyaɗa yana ƙona fatar bututun ta kumbura, wake kuma yana shan ruwa ya ƙara girma. Bayan kwanaki ko makonni sai tari ya dawo da zazzaɓi, a ce asma ce, ko limoniya, wani lokaci har a fara maganin tarin fuka. Limoniyar da ke dawowa a gefe ɗaya, ko ƙara kamar fito da likita ke ji a numfashin huhu ɗaya kawai, alama ce da bai kamata a wuce ta ba.

Shi ya sa labarin da uwa za ta bayar ya fi hoto muhimmanci. Gyaɗa da roba ba sa fitowa a hoton ƙirji, ƙarfe ne ya fi bayyana sarai. Abin da likita ke nema shi ne huhu ɗaya ya kumbura don iska na shiga ba ta fita, ko wani sashe ya motse. Hoton ma yana iya fitowa lafiya lau alhali abin na ciki. Don haka a faɗa wa likita ƙarara: ranar kaza ya ƙware yana cin kaza.

Magani shi ne a ciro, kuma ba aikin kemis ba ne. Ana yi wa yaro allurar barci a ɗakin tiyata, a zura bututun ƙarfe mai fitila ta baki zuwa hanyar iska, a kamo abin da ɗan hantsaki, ta bututun kuma ake ba shi iska. Likitan Jamus Gustav Killian ne ya fara ciro abu ta bututun ƙarfe a 1897, da ya ciro ƙashi daga hanyar iskar wani manomi. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ko na tiyatar ƙirji ke yi, a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Gyaɗar da ta kwana biyu takan rududduge a bakin hantsakin, sai an bi ana tsinta ɗaya-ɗaya, kuma naman da ya tsiro kewayenta yana zubar da jini. A hanyar zuwa, a bar yaro ya zauna yadda numfashi ya fi masa sauƙi, kada a jijjiga shi ko a juya shi kai ƙasa, kar abin ya taso ya toshe babban bututun. Kada a ba shi abinci, domin ana so ciki ya yi kamar awa 6 babu komai kafin allurar barci.