Tsatsar firam daga ciki take farawa

Motar shiga daji, a-kori-kura ce ko jif, ba kasafai inji ke kwantar da ita ba. Firam, wato ƙashin ƙarfen da bodin motar ke zaune a kai, shi ne ke ruɓewa a ƙarƙashi alhali fentin sama yana ta ƙyalli. Ruwa kaɗai ba ya yin wannan ɓarna, don yana tsiyayewa ya bushe. Taɓo ne mugun: ya maƙale a lungu ya riƙe danshi na makonni, in kuwa da gishiri a ciki, na bakin teku ko wanda ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, sai cin ya ƙara sauri.

Firam mai buɗaɗɗen gefe, mai siffar harafin C, yana da sauƙin wanki kuma ido na ganin komai. Wanda aka rufe kamar akwati ya fi jure murɗewa, amma taɓo na shiga ta ramukansa, ya toshe ƙananan kafofin tsiyayar ruwa na ƙasa, ya zauna. Kafin ka ga ƙuraje sun taso a fentin waje, ƙarfen ya riga ya cinye daga ciki.

Saboda haka bincike da guduma ake yi. Wanke ƙarƙashin motar, ka bar ta ta bushe, ka ɗora ta kan matokarai na ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. Bi firam ɗin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙararsa ras take fita, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum yake yi, wani lokaci har ka ji ɓaraguzai na zuba a ciki. Inda ka yi shakka, danna sukudireba da ƙarfi. Ka fi mai da hankali kan maratayin sifirin, mazaunin shokozoba, inda bodi ke zama kan firam, saman tankin mai, bayan madigadi, ƙarƙashin kafet, da bututun birki.

Tsatsar sama ba ta da wuya. Kankare da buroshin waya na giranda, ka bi da faifan samfefa mai lamba 40 zuwa 80 har farin ƙarfe ya fito. Goge maiƙo, sannan ka shafa maganin tsatsa mai asid na fosforik don ya cinye wadda ta rage a ƙananan ramuka. Maganin ba ya ratsa ɓawo mai kauri, samansa kawai yake baƙantawa, shi ya sa kankarewa ke zuwa da fari. In ya gama aiki, share ragowarsa yadda masu shi suka rubuta, domin ragowar asid kan hana fenti kamawa. Sai firama, wato fentin shimfiɗa na farko, ta efoksi mai haɗi biyu, shafi biyu, sannan fentin sama.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne fesa baƙin fenti mai roba ko kwalta a kan tsatsa. Ranar farko sai ka ce sabuwar mota. Daga baya ya tsattsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ga shi ya rufe maka ido. Gara ƙarfe tsirara da irin wannan rufin. Haka foti: ba a toshe rami da shi, danshi yake sha ta baya.

Inda ya huje ko ya yi siriri, yanka ne maganinsa, kuma ka yanka har ka wuce ruɓar da santimita 2 zuwa 3. Walda a kan ƙarfen da ya cinye hujewa kawai take yi, kana bin rami yana gudu. Zana facin a kwali tukuna, ka gwada, sannan ka fitar da shi daga fallen ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali. Bodi yawanci milimita 0.8 zuwa 1.2 ne, firam kuwa kan kai 3 zuwa 5. A bodi, injin walda na MIG, mai tura waya da kansa, da waya mai kaurin milimita 0.6 da iskar agon mai kashi 20 zuwa 25 na CO2 ya fi dacewa. Sandar walda ta milimita 2.5 ƙone fallen za ta yi. Haɗa baki da baki, ka bar tazarar da ba ta wuce milimita 1 ba. Ɗora faci kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma tsakanin fallayen biyu nan sabuwar tsatsa za ta fara. Kada ka ja walda a miƙe. Ɗiga a nan, ka tsallaka can, ka dawo bayan ya huce, har ɗigon su haɗu. Zafi ne ke lanƙwasa falle, kuma giranda ma tana kawo shi in ka danne ta wuri ɗaya. In tazarar ta yi faɗi, tokara jan ƙarfe ta baya, walda ba ta kama shi.

Firam ba wurin koyon walda ba ne. Kafin ka yanke, tokare shi gaba da bayan wurin, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu ka rubuta, don ka gane in ya goce. Yi yankan a karkace, kamar digiri 45, ka fiƙe bakunan don walda ta ratsa har baya. Farantin ƙarfafawa a yanka shi da bakuna masu tsini ko zagaye, domin mai kusurwa huɗu yana barin layin walda a tsaye, kuma daidai gefen layin nan firam ke tsagewa idan mota na murɗawa a kan duwatsu. Kada a huda ko a ratsa leɓen firam na sama da na ƙasa da walda, su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Wasu manyan motoci firam ɗinsu gasasshen ƙarfe ne, har da gargaɗi a jiki cewa kada a yi walda; waɗannan da noti ake gyara su. Notin kuwa ya zama mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9. Na ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyan gani, amma wanda aka fi samu bai kai su ƙarfi ba. In za ka ɗaura alminiyam kan firam, sa roba ko fenti a tsakani, in ba haka ba alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa.

Kafin ka kunna inji, cire wayar batir, ka maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aiki don wuta kada ta bi ta cikin boris. Kare bututun mai da wayoyi, ɗage kafet, ajiye abin kashe gobara a kusa, ka kuma tsaya rabin awa bayan ka gama, don tartsatsi kan ci a ɓoye. Kankare tutiya daga ƙarfe kafin walda, hayaƙinta na sa zazzaɓi. Kada ka goge wurin da ruwan wanke birki mai kulorin: hasken walda da zafinta na mai da shi iska mai kisa.

Bayan walda, fentin bayan facin ya ƙone, nan kuma hannu ba ya kaiwa. Zura tiyo mai feshi ta ko'ina cikin ramukan firam, ka fesa kaki mai ruwa ko man lanolin, wato maiƙon gashin tunkiya, kana janyowa a hankali, har ya fara ɗiga ta kafofin ƙasa. Cikin ya zama a bushe kafin feshi, kuma duk wata walda ta riga ta ƙare, don kakin na kama wuta. Lanolin ba ya daskarewa, yana bin haɗin ƙarfe ya kori danshi, sai dai ruwa na wanke shi a hankali, don haka a maimaita duk shekara. Bayan kowace fita cikin taɓo, a zura tiyon ruwa cikin firam har ruwan ya fito garau, a tsokale kafofin da waya.