Shiru a saman Zuru

Wata Talata ce cikin Janairu, hunturu ya kankama, irin wanda leɓe ke tsagewa tun kafin hantsi. Da ƙarfe 9:10 na safe na tashi daga Abuja a wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujeru huɗu, zan kai shi Birnin Kebbi inda za a yi kwanaki ana ɗaukar hoton fadamun shinkafa daga sama. Fasinjana ɗaya ne, wani dattijo injiniyan ban-ruwa ɗan Argungu wanda ya girmi mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuma yarona.

Tafiyar kusan kilomita 500 ce. A takardar shirin tafiya da na miƙa kafin tashi na rubuta hanyar da zan bi, da tsayin ƙafa 8,000, da lokacin isa 11:40, da Sakkwato a matsayin filin da zan nufa idan Birnin Kebbi ta ƙi saukuwa. Na sha man da zai kai ni can, ya kai ni Sakkwato, har ya rage na minti 45 kamar yadda ƙa'ida ta ce. Takarda ce da matuƙi ke cikewa kullum har hannu ya saba, bai cika tuna cewa alkawari yake sa wa hannu ba.

Ba mu yi minti goma a sama ba ƙasa ta ɓace. Wanda bai taɓa shiga hazon hunturu a jirgi ba zai ɗauka kamar gajimare ne. Gajimare yana da gefe, kana shiga kana fita. Wannan ƙura ce da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi, ta cika sararin gaba ɗaya, ba sama ba ƙasa, sai rana kamar faranti a bayan labule. A irin wannan hali jikin mutum ƙarya yake masa: kunne ya ce jirgi ya karkata alhali a miƙe yake. Dole ido ya zauna kan na'urorin gaba, mai nuna kwanciyar jirgi, mai nuna tsayi, mai nuna alkibla, ana zagaya su ɗaya bayan ɗaya kamar jan carbi.

Muna dab da Zuru na danna maɓallin rediyo don in faɗa wa mai kula da sama, wato jami'in da ke tsara zirga-zirgar jirage daga ƙasa, inda nake. Ban ji amsa ba. Na sake, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ko ɗan shuuu ɗin nan da rediyo ke yi babu, kuma muryata da na saba ji a kunnena ita ma ta ɗauke. Na juya na yi wa Baba magana, na ga yana kallon bakina kawai. Ya zame abin kunnensa ya ɗaga murya sama da ƙarar inji: "Mi ya hwaru, yarona?"

Na ce, "Rediyo ce ta yi shiru, Baba. Inji lafiya lau."

Gaskiya na faɗa masa, amma tafin hannuna ya jiƙe. A kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, abin da malamai suka fi nanata mana shi ne jerin aiki uku: riƙe jirginka tukuna, sannan ka san inda kake, magana ce ta ƙarshe. Mutane sun hallaka suna sunkuye suna lalube a rediyo, jirgi mai lafiya yana gangarawa da su. Saboda haka ban taɓa komai ba sai da na tabbatar muna 8,000 daidai kuma hancin jirgi na kan hanya. Sannan na bi abubuwan da sauƙi: na duba ko murya ce aka rage, na cire wayar abin kunne na mayar, na karɓi na Baba na gwada, na koma rediyo ta biyu, na kunna lasifikar rufi, na shafa fiyus-fiyus ko wani ya fito. Na mayar da rediyo kan tashar da na baro, na gwada 121.5 wadda ake saurare don gaggawa a duk duniya. Ko tari ban ji ba. Wayar salula kuwa babu sabis ko layi ɗaya.

Sai na juya lambar taransfonda, na'urar da ke aika lambar jirgi ga masu hangen jirage a ƙasa, zuwa 7600. Lambobi uku ne kowane matuƙi ya haddace: 7500 an yi fashin jirgi, 7700 akwai hatsari, 7600 na kurumce. Duk na'urar hangen jirage da ta kama ni za ta nuna wa mai kula da sama halin da nake ciki. Na kuma ci gaba da magana duk da ba na jin kowa, ina faɗin sunan jirgi, da inda nake, da tsayina, da abin da zan yi, da lokacin da zan sake kira, kowane saƙo sau biyu. Akwai nauyi mutum ya yi ta zuba magana cikin rijiya, amma haka aka koya mana, domin mai yiwuwa kunnenka ne ya mutu, bakinka na nan da rai.

Baba ya taɓa kafaɗata. "Ka sauko ƙasa kaɗan mana mu ga hanya. In na ga kwalta ni zan kai ka Jega da ido."

Wallahi zuciyata ma abin da take raya mini ke nan. Da sama a buɗe take, ƙa'ida ma cewa ta yi ka ci gaba da ido, ka sauka a fili mafi kusa da ya dace, ka sanar. Amma a nan ba a ganin komai, ƙasar Zuru kuma duwatsu ce, ga dogayen turakun sadarwa da ba ka ganinsu sai ka zo kansu. Bayan haka akwai mutanen ƙasa. Mai kula da sama ba ya jina, ko aƙalla haka nake zato, abin da ya rage masa shi ne takardar da na cike da safe. Da ita zai lissafa inda nake a kowane minti, ya kawar da sauran jirage daga gabana. In na sauko don raɗin kaina, ko na karkata Sakkwato ba sanarwa, na shiga inda ya tura wani yana ganin babu kowa. Dokar ta ce inda ba na'urar hange, ka riƙe tsayi da gudun da aka ba ka na ƙarshe har minti 20 daga wurin da ka kasa ba da rahoto, inda ake ganinka kuwa minti 7, sannan ka koma kan abin da ka rubuta. Ni abin da aka ba ni da abin da na rubuta duk 8,000 ne.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na riga na gaya musu ta inda zan zo, can za su jira ni."

Ya dube ni jim, ya ce, "Awo." Ya ciro carbinsa, bai ƙara cewa uffan ba.

Mun iso saman filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da 11:34, saura minti shida lokacin da na rubuta. Waɗannan mintuna shida sun fi mini sauran tafiyar tsawo. Tunda ba a ba ni wani lokacin fara sauka ba kafin rediyo ta ɗauke, ba ni da ikon gangarowa sai 11:40, kuma ana so in taɓa ƙasa cikin minti 30 bayan haka. Na shiga kewaye ina kallon agogo, ina sane da cewa gida na ƙarƙashina. Ga wata damuwar: ba wanda zai ba ni awon nauyin iska na filin, wanda da shi ake saita na'urar tsayi, kuma kuskuren maki ɗaya kusan ƙafa 30 ne. Na yi amfani da hasashen da na karɓa a Abuja, na ƙara wa kaina rata a kan mafi ƙarancin tsayin da taswirar sauka ta yarda, na ƙudurta in na kai nan ban ga titi ba, zan tashi in nufi Sakkwato kamar yadda takarda ta ce.

Da 11:40 na faɗa wa rediyo cewa na fara sauka, na rage wuta. Ƙura ta yi ta sirancewa a hankali. Abin da na fara gani kore ne, koren shinkafar rani a fadama, sai jar ƙasa, sai garken shanu, sai ga titin jirgi ya fito a gabana. Na kai ido hasumiya. Fitilar hannu ce suke haska wa jirgin da ya kurumce: ja mai tsayawa, ka ba wani hanya ka ci gaba da kewaye, ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kar ka sauka, kore mai tsayawa, bisimilla. Kore na gani, tsayayye. Na kaɗa fikafikai dama da hagu alamar na gani, Baba ya ɗaga hannu biyu yana hamdala da ƙarfi har na ji shi ta cikin ƙarar inji.

Bayan na kashe inji na hau hasumiya in ba da rahoto, ƙafafuna na ɗan rawa a kan matakala. Mai aikin ranar ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu da hanya, Kyaftin. Tun daga wajen Zuru muke jin ka, kalma ba ta faɗi ba. Mun yi ta amsa maka." Ya nuna mini takardar da yake rubuta lokutan da na ambata, ya ce akwai jirgin da ya tsayar a ƙasa har sai da tayata ta taɓa titi. Washegari makaniki ya gano wata waya ce ta saki a bayan akwatin da ke kai sauti kunne da lasifika.

Da na sauko na tarar da Baba zaune a inuwar fiffike, ya shimfiɗa darduma, motar da za ta kai shi Argungu tana jira. Ya ce direba ya dakata, ba zai tafi ba sai mun yi azahar tare.