Rumfar gyaran kwale-kwale

Kafin ruwa ya sauka, ni da ƙannena za mu buɗe rumfar gyaran kwale-kwale a bakin kogin Haɗeja, wajen Auyo, in Allah ya yarda.

Masunta da masu fito, ku daina janye jirgi tudu kuna barinsa a rana. Katako na bushewa ya tsuke, haɗin ya buɗe, da ma yoyo daga nan yake farawa. In za a toshe, sai a kankare tsohuwar kwalta tas, a bar wurin ya sha iska kwana biyu zuwa uku a inuwa, a dunƙula auduga ko tsumma a cusa da guduma sannu-sannu, sannan a bi da kwalta mai zafi. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, ɓarewa take yi.

Abin da ya fi damuna ƙusa. Ta gini tana tsatsa ta cinye katakon da ke kewayenta, har yatsa ya shige. Mu marar tsatsa za mu sa, ko da ta fi tsada, domin rayukan mutane ake ɗauka.

Madaci busasshe muke nema yanzu. Wanda ya san inda ake samu ya yi mana magana.