Yarinyar da ta zo sitidiyona da fitilarta

Shekara 11 ke nan ina zaune gaban fiyano a wani ɗan ɗaki kusa da titin Zoo Road a Kano, ina haɗa wa mawaƙa kiɗa. A da, duk wanda ya turo ƙofar nan da littafi yake shigowa, ya nannaɗe shi a aljihu, baitoci cike, wasu an soke an sake rubutawa. Yanzu waya ake fara miƙo mini: "Oga, duba mabiyana."

Bara bayan Sallar layya wata yarinya ta zo da ƙawayenta biyu da fitilar nan mai zobe da suke haska fuska. Na san fuskarta kafin ta zauna, don matata ba ta barci sai ta kalli barkwancinta a TikTok. Tana da baiwar magana, wannan ba na musu. Idan ta kwaikwayi dillaliya tana ciniki, sai ka riƙe ciki.

Na ce, "Ƙanwata, ina waƙar?"

Ta rera mini layi biyu. Masu daɗi kuwa, irin waɗanda ke maƙale wa mutum a ka har ya tsinci kansa yana yi a banɗaki. Na ce to, amshi ya samu, saura baitoci. Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci.

"Yaya, ai nan kawai za a hau. Sauran ka cike da kiɗa."

Gaskiyarta ta faɗa, iyakar abin da ta sani. A duniyar da ta taso, daƙiƙa 20 ake yanka a yi rawa a kai, ragowar minti huɗun ba mai komawa ta kansu. Ranar mun yi awa shida. Ta ɗauki kanta bidiyo sanye da abin sauraron sauti a kunne ya fi sau goma, ainihin ɗora muryar kuwa kalma-kalma na riƙa tsinta ina jonawa kamar mai ɗinkin hula. Numfashinta ba ya kai ta ƙarshen layi. Auto-Tune yana gyara karkatar murya, amma ba ya ba mutum huhu.

Mutane suna zagin irinsu, wai kowa ya yi tashe sai ya ce shi mawaƙi ne. Ni ban ga laifinsu ba, don na san lissafin. Mabiya ba sa cika tukunya. Ɗan TikTok a nan abin da yake samu tallar atamfa ne da turaren wuta da maganin mata, sai kyautar da ake jefa masa idan ya hau kai-tsaye. YouTube kuma sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo. Waƙa fa? Da ita ake kiranka biki, a yi maka liƙi, ɗan siyasa ya neme ka lokacin kamfen. Barkwancin jiya ya mutu jiya, amma waƙar da ta shiga takan yi shekara ana juya ta a gidan suna. Wanda tashensa ke iya dusashewa cikin wata uku, dole ya nemi abin da zai riƙe.

Kuma mu mawaƙa da makaɗa ne muka fara nuna musu ƙofar. A 2020, lokacin kullen korona, matan aure ne suka ɗauki "Jaruma" ta Hamisu Breaker suna taka wa mazajensu rawa suna ɗorawa a intanet, waƙar ta zaga ko'ina. Tun daga nan kowane mawaƙi ya koma bin masu mabiya yana roƙo ko yana biya a hau masa waƙa. To wanda ake biya ya tallata hajar wani, wata rana ai zai ce bari ya kasa tasa.

Inda abin ke ɓaci shi ne wajen wa ke da waƙar. A Legas an gani a 2022: ɗan barkwanci Carter Efe ya fitar da waƙar yabon Wizkid ta karaɗe ƙasa, sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da Berri Tiga, wanda muryarsa ce ke ɗauke da waƙar, kan haƙƙin mallaka da rabon kuɗi. Mu ma a nan haka ne, sai dai ba a ji. Yaron da a ƙarshe ya rubuta wa yarinyar nan baitocinta uku, kuɗin mota da na shayi ya samu, sunansa bai fito ko'ina ba. Na yi magana, aka ce ai an taimake shi.

Waƙar ta fita, ta yi tashe kamar sati biyar. Aka kira ta wani kamun amarya a Nasarawa, ta ce in raka ta. Ta fito cikin leshi ruwan goro, 'yan mata suka ɗaga wayoyi, DJ ya saki kiɗa tana bin muryarta da baki. Ana tsakiyar baiti na biyu injin wuta ya yi tari, ya mutu. Wuri ya yi tsit. Makirufo a hannunta ya zama sanda. Ta ja amshin sau biyu da muryar da Allah ya ba ta, 'yan mata suka taya ta, daga nan ta tsaya, don ba ta haddace abin da ke gaba ba.

Wata dattijuwa cikin dangin ango ta jawo ƙwarya ta kifa a kan tabarma, ta fara bugu da tafin hannu. Ba lasifika, ba fitila. Ta kama sunan amarya, ta bi kakanninta ɗaya bayan ɗaya, ta zolayi uwar ango kan rowar goro, mata suna amsawa suna guɗa. Irin abin da marigayiya Barmani Choge ta shafe rayuwarta tana yi ke nan har ta rasu a 2013. Kafin a tada injin an yi kusan minti 15, kuma liƙin ranar a gaban tsohuwar nan ya taru.

A mota yarinyar ba ta ce uffan ba har muka wuce gadar Ƙofar Nasarawa. Can ta ce, "Yaya, ita a ina ta koya?"

Yanzu duk Talata tana zuwa bayan La'asar, ba ƙawaye, fitilar ma ta daina ɗaukowa. Ina sa ta jan layi ɗaya da numfashi ɗaya har sai ta gaji ta fara yi mini muryar dillaliya. Baiti na biyu har yau yana kufce mata. Kuma ina bin ta cikon naira 15,000 na aikin farko, wanda ta ce sai kuɗin tallar turare ya shigo.