Kafin ka zura ƙafa cikin tanki

Ƙannena masu koyon walda da gyaran tankuna a garejojin Yamai, tankin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne wanda babu komai a cikinsa. Na fetur da na gazuwal kowa na jin warinsu, kowa na kaffa-kaffa da su. Amma tankin ruwa na ƙarfe da ya yi watanni a rufe, ka leƙa ka gan shi a bushe, ba wari ba hayaƙi, shi ne yaro ke shiga yana fito da baki.

Haka na shiga wani ina ɗan koyo, an ce in kankare tsatsa kafin a yi faci. Ban daɗe ba burushin ƙarfen ya suɓuce mini. Na tsaya ina kallonsa a ƙasa, na rasa dalilin da zai sa in ɗauka. Ba abin da ke mini ciwo, hannuwana ne kawai suka yi nauyi. Allah ya sa ina gindin tsani, maigidana ya ji ƙarar kankara ta tsaya, ya miƙo hannu ya finciko ni ta wuyan riga. Ko igiya babu a ƙuguna. Da na dawo hayyacina aka ba ni madara, kamar yadda aka saba, alhali madara ba ta maganin wannan ko kaɗan.

Tsatsar da na je kankarewa ita ta cinye iskar. Kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, ƙarfe kuma in yana tsatsa ita yake sha. A ƙa'idar aiki, in ta yi ƙasa da kashi 19.5 ba a shiga. Mugun abin shi ne jiki ba ya kururuwa a kan ƙarancinta: kasala ce, sai tunani ya dagule, sai faɗuwa. Shi ya sa a ƙauye in mutum ya suma cikin rijiya ake cewa mutanen ɓoye ne suka taɓa shi.

Tsofaffin masu haƙar rijiya a ƙasar Adar sukan zura fitila, in ta mutu su fasa shiga. Dabara ce mai hankali a inda aka ƙirƙiro ta, amma kar ka kawo ta gareji. A tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an wanke shi, tururin man na nan, fitilar kuma ita ce ashanar. Ba ta kuma nuna guba. Iskar ramin masai da kwatami, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hancin take fara kashewa, sai ka ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi ƙarfi. Hayaƙin injin wuta ko injin jan ruwa da aka ajiye a bakin rami yana ɗauke da wata gubar da ba ta da wari sam. Rawani ko takunkumin ƙura ba sa tace ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne na'urar auna iska, ƴar ƙarama kamar wayar hannu. Daga waje ake zura ta da igiya, a auna sama, tsakiya da can ƙasa, don wata iskar sama take taruwa, wata kuma kwanciya take yi. Sai a sa injin hura iska, a bar shi yana aiki har a gama. Mu masu walda akwai jarabar da ke damunmu in zafin Afrilu ya haura digiri 40, ƙarfe ya gasu: mutum ya buɗe tukunyar oksijin wai ciki ya yi sanyi. Kar ka kuskura. Rigar da ta sha oksijin tartsatsi ɗaya ya ishe ta. In kuma akwai famfo ko injin da ke haɗe da tankin, a kashe, a sa kwaɗo, makullin ya kasance cikin aljihun mai shiga.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, don lokacin na girma. Ni aka bari a bakin tanki, yaro na ciki. Na kira shi, shiru. Ban yi tunani ba, na cika ƙirji da iska na fara sauka, wai zan riƙe numfashi. Wani dattijo direba ya riƙe ƙafata ya daka mini tsawa: "Kai yaro, gawa biyu kake so mu fitar?" Da igiyar ƙugunsa muka jawo yaron, ya rayu. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta yi gargaɗi tun 1986 cewa sama da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare waɗanda suka shiga ceto ne. Ba wanda zai ciccibi ƙato a kan tsani da numfashi ɗaya.

Aikin na bakin tanki tsayuwa ce da yin magana da na ciki ba ƙaƙƙautawa. Ba zuwa sayen shayi, ba latsa waya. In ya ji shiru ya yi ihu, a ja igiya daga waje, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, su ke da tukunyar numfashi ta goyo. Wanda aka fitar, ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti, don iskar masai kan tara ruwa a huhu bayan sa'o'i. In kuma ma'aikaci ne mai rajista, a sanar da CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, haɗarin da wuri, kar a bari maigida ya ce a rufa asiri.